Sudusi ba 0.16 ba ne: yadda ɗigon kalkuleta ke cinye haƙƙin magada

Duk wanda ya daɗe a Kudu ya san yadda rabon gado ya koma yanzu. Mahaifi ya rasu a gida Kontagora, ɗa ɗaya yana Mile 12, wani yana Sabo a Ibadan, wata tana aure a Fatakwal. An zo an yi zaman makoki, kowa ya koma bakin nemansa, sai bayan wata biyu ko uku a turo takardar rabo ta WhatsApp. Malam ya rubuta: matan mamaci sumuni, mahaifiyarsa sudusi, saura na 'ya'ya. Nan take kowa ya zaro waya ya buɗe kalkuleta. Ya danna ɗaya a raba gida shida, ta ba shi 0.1666666667. Lambar ta yi masa tsawo, sai ya datse ta ya riƙe 0.16, wani kuma ya cika ta zuwa 0.17. Shi ke nan, adadin na Legas daban, na Ibadan daban, na malam daban, zargi ya shiga tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya alhali babu wanda ya taɓa ko kwabo.

Ni ɗan Kontagora ne, koyar da lissafi kuma ita ce sana'ata, shi ya sa irin waɗannan takardu kan biyo ta hannuna, a ce in duba ko an yi daidai. Ba fatawa zan bayar ba. Wa zai ci gado, nawa zai samu, wannan aikin malamai ne da alƙalai. Nawa aikin shi ne in nuna muku yadda ake mayar da kaso irin ɗaya bisa shida zuwa lambar ɗigo, yadda ake dawo da shi, da dalilin da ya sa wasu ke ƙarewa wasu kuma ba sa ƙarewa har abada. Yaranmu na makaranta suna kiran na farko farakshan, na biyu desimal. Ni zan riƙa cewa kaso da lambar ɗigo.

Kaso ba wani abu ba ne illa umarnin a yi rabo. Ɗaya bisa takwas yana nufin a ɗauki ɗaya a raba gida takwas. Mu gwada da kuɗi, don shi ne kowa ya fi ganewa. Naira ɗaya ce, mutum takwas. Ba ta rabuwa a dunƙule, sai a yi canjinta zuwa sule goma. Kowa ya ɗauki sule ɗaya, saura biyu. Sule biyun nan a mayar da su kwabo ashirin, kowa ya ɗauki biyu, saura huɗu. Kwabo huɗun nan a fasa kowanne gida goma, kamar aninin zamanin da, su zama arba'in. Kowa ya ɗauki biyar, babu saura. Jera abin da kowa ya samu: 1, 2, 5. Ka ga sumuni ya zama 0.125, kuma magana ta ƙare a nan, tunda babu abin da ya rage a faranti.

To yanzu naira ɗayar nan, mutum uku. Sule goma, kowa uku, saura ɗaya. A mayar da shi kwabo goma, kowa uku, saura ɗaya. A sake fasawa gida goma, kowa uku, saura ɗaya. Ko za ka kwana kana fasawa, ɗayan nan sai ya dawo. Shi ya sa sulusi yake 0.3333 babu iyaka. Sudusi ma haka: a karon farko kowa ya samu ɗaya, saura huɗu, huɗu ya zama arba'in, kowa shida, saura huɗu kuma, daga nan shida ce za ta yi ta fitowa. Bakwai ɗin da kuke gani a ƙarshen 0.1666666667 ba na sudusi ba ne. Wuri ne ya ƙare wa kalkuleta, sai ta cika lambar ƙarshe ta yi shiru. A littafin makaranta akan ɗora ɗigo ko ɗan layi a saman lambar da ke maimaituwa, don a nuna ba ta tsayawa.

Akwai hanyar da za ka gane tun kafin ka taɓa waya ko kaso zai ƙare ko ba zai ƙare ba. Dubi lambar ƙasa kawai. Ƙidayarmu a kan goma take tafiya, goma kuwa biyu ce sau biyar. Ɗari, dubu, miliyan, dukkansu in ka farfasa su ba za ka samu komai ba sai biyu-biyu da biyar-biyar. Lambar ɗigo da ta ƙare, ainihinta kaso ce mai goma ko ɗari ko dubu a ƙasa: 0.125 shi ne 125 bisa 1000. Saboda haka kaso ba zai ƙare ba sai in lambar ƙasansa za ta iya raba ɗaya daga cikin waɗannan ba saura. Takwas tana raba dubu, domin ita biyu ce sau biyu sau biyu. Uku kuwa ba ta raba goma, ba ta raba ɗari, ba ta raba dubu. Kullum sai ɗaya ya rage. Ƙa'idar ke nan: in lambar ƙasa biyu da biyar ne kaɗai suka haɗa ta, lambar ɗigo za ta ƙare. In akwai uku a cikinta, ko bakwai, ko sha ɗaya, ko makamancinsu, maimaici za ta yi.

Sharaɗi ɗaya ne: sai ka rage kason zuwa mafi ƙanƙantar siffarsa kafin ka yanke hukunci. Uku bisa ashirin da huɗu, in ka dube shi za ka ce akwai uku a ƙasa, ba zai ƙare ba. Amma raba sama da ƙasa da uku, sai ka ga ashe sumuni ne ya sake riga.

Yanzu ku ɗora wannan a kan kasonnin gado guda shida da aka ambata a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Rabi 0.5 ne, rubu'i 0.25, sumuni 0.125. Waɗannan uku kalkuleta tana faɗinsu cif. Sulusi, sulusi biyu da sudusi kuwa, duka ukun suna da uku a ƙasa, don haka duk yadda ka rubuta su da ɗigo, kintace ka rubuta. Zakka ta fi sauƙi ta wannan fuska. Ta kuɗi da kayan ciniki ɗaya bisa arba'in ce, arba'in kuwa takwas ce sau biyar, sai ta ƙare a 0.025, wato kashi biyu da rabi cikin ɗari. Ta amfanin gonar damina ɗaya bisa goma, 0.1, ta wanda aka shayar da wahalar ban ruwa ɗaya bisa ashirin, 0.05. Manomin dawa a ƙasar Mariga ko Mashegu ba zai taɓa yin rigima da kalkuleta a kan zakkarsa ba. A gado ne ƙura take tashi.

Wani zai ce ai bambancin ɗan kaɗan ne, me ke tsakanin 0.16 da sudusi? A kan naira ɗari, gaskiya bai kai naira ɗaya ba. Amma gado ba naira ɗari ba ne. Mu ƙaddara mutum ya rasu ya bar gida, gona da shanu, bayan an biya bashi aka ƙiyasta su a naira miliyan 12. Ya bar mata uku, mahaifiya, 'ya'ya maza uku da mata huɗu. Sudusin mahaifiya, in ka raba miliyan 12 gida shida, naira miliyan 2 ne daidai. In ka ninka da 0.16, abin da zai fito 1,920,000 ne. An rage wa tsohuwa dubu 80. In da 0.17 ka ninka, 2,040,000 za ka samu, ka ɗebo dubu 40 daga rabon 'ya'ya, wataƙila har da marayu ƙanana, ka ƙara mata.

Na matan ya fi ba ni tausayi, don su ne ba kasafai suke tambaya ba. Su uku za su raba sumuni, kowacce ɗaya bisa ashirin da huɗu ke nan, a ɗigo 0.041666 har illa masha Allah. Mai gaggawa sai ya riƙe 0.04. Haƙƙin kowacce dubu 500 ne, shi kuma lissafinsa ya ba ta dubu 480. Dubu 60 ta tafi a kan mata uku masu takaba, a haɗa da na tsohuwa, dubu 140 ke nan ta zame ta koma cikin rabon 'ya'ya ba tare da kowa ya yi niyyar zalunci ba. In an bi daidai, abin da zai rage wa 'ya'ya miliyan 8 da dubu 500 ne, a kasa shi goma, kowace mace dubu 850, kowane namiji miliyan 1 da dubu 700. Wasiyya ma haka take: iyakarta sulusi, sulusin miliyan 12 kuwa miliyan 4 ne, ba 3,960,000 da 0.33 zai ba ka ba, balle 3,600,000 na mai cewa sulusi ai 0.3 ne.

Maganin bai da wuya. Kada ka mayar da kaso lambar ɗigo sannan ka ninka. Ɗauki kuɗin ka ninka da lambar sama, sannan ka raba da ta ƙasa a ƙarshe. Sulusi biyu na miliyan 12: ninka da biyu, miliyan 24, raba gida uku, miliyan 8. Ba ka ga ɗigo ko ɗaya ba a hanya.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne kakanninmu ba su san wannan ciwon kai ba, kuma ba don sun fi mu boko ba. Kuɗinsu ne ya fi namu rabuwa. Kafin 1 ga Janairu 1973, ranar da Najeriya ta koma naira da kwabo a zamanin Janar Gowon, fam ɗaya sule ashirin ne, sule ɗaya kuma kwabo sha biyu. Rabin sule sisi, rubu'insa taro, sulusinsa kwabo huɗu, sudusinsa kwabo biyu, sumuninsa ahu. Fam kwabo 240 ne, in ka raba shi gida 24, kowa kwabo goma cif. Da aka yi canji, fam ya zama naira biyu, sule ya koma kwabo goma, sai sulusin naira ya zama kwabo 33 da wani guntu marar ƙarshe. Ingila ma, inda muka gaji fam da sule, ta yi irin wannan canji a 1971. Ban ce a koma baya ba. Haɗa kuɗi da ɗebewa sun fi sauƙi nesa ba kusa ba a tsarin goma. Ina so ne ku ga cewa rashin ƙarewar sulusi ba laifin sulusi ba ne, goma ce ba ta jituwa da uku. Ga agogo nan a hannunku: sulusin awa minti ashirin ne, ba wani ɗigo, saboda sittin tana rabuwa gida uku.

Bakwai kuwa ba ta shiri da kowa, ba goma ba, ba sha biyu ba. Kuma mu 'yan Kudu duk shekara sai mun gamu da ita, lokacin da mutum bakwai za su haɗa kuɗi su sayi sa ɗaya don layya, a Kara ko Alaba Rago, ko su aika a saya musu a gida. Ɗaya bisa bakwai 0.142857 ne, sannan lambobi shidan nan su sake dawowa, 142857, haka-haka. Me ya sa shida? In kana raba abu gida bakwai, saura ba zai wuce ɗaya zuwa shida ba. Ka fara da ɗaya, sai uku ya rage, sai biyu, sai shida, sai huɗu, sai biyar, sai ɗaya ya dawo. Da zarar saura ya maimaita kansa, duk abin da ya biyo bayansa a karon farko dole ya sake biyowa. Wannan ne ya sa babu wani kaso a duniya da lambar ɗigonsa za ta yi ta tafiya barkatai. Ko ta ƙare, ko ta shiga zagaye, kuma tsawon zagayen bai taɓa kai lambar ƙasa ba. Gwada biyu bisa bakwai a wayarka, za ka ga 0.285714, uku bisa bakwai 0.428571. Lambobin nan shida ne dai, wurin farawa kawai ya sauya.

Mu ce san ya kama naira dubu 900. In mai tara kuɗi ya ninka da 0.14, kowa zai biya dubu 126, a tara 882,000, a je gaban mai shanu da giɓin dubu 18. Haka 'yan kasuwa uku da suka haɗa lodin masara ko wake daga Kontagora, motar ta bi ta Mokwa, ta haye gadar Jebba, ta wuce Ilori har Bodija. In kuɗin mota miliyan ɗaya ne kowa ya kawo 0.33, dubu 990 aka tara, direba kuma ba zai yafe dubu goma don ɗigo ba.

Sai dawowa. Sau da yawa abin da ake turo wa mutum lambar ɗigo ce tsurarta, yana so ya san wane kaso ne aka ba shi. In ta ƙare, aikin minti ɗaya ne. Ƙirga lambobin da ke bayan ɗigo, ka sa sifili daidai yawansu a ƙasa. 0.375 lambobi uku ne, wato 375 bisa 1000, ka raba sama da ƙasa da 125, ya zama uku bisa takwas.

Mai maimaici ita ce ke buƙatar dabara, dabarar kuma ita ce ka sa wutsiyar ta kashe kanta. Ɗauki 0.3333. Ninka shi da goma, ya zama 3.3333. Wutsiyar da ke bayan ɗigo iri ɗaya ce a duka biyun. Ɗebe na farko daga na biyu, wutsiya ta tafi, saura 3. Ninki goma ka ɗebe ninki ɗaya, ninki tara ya rage, ke nan ninki tara na lambar shi ne 3, lambar kuwa uku bisa tara, wato sulusi. A taƙaice, in maimaicin ya fara tun daga bakin ɗigo, rubuta abin da ke maimaituwa a sama, ka jera tara a ƙasa daidai yawan lambobinsa. 0.272727 shi ne 27 bisa 99, wato uku bisa sha ɗaya. 0.142857 mai zagaye shi ne 142857 bisa 999999, in ka rage shi ɗaya bisa bakwai zai ba ka.

In kuma akwai wasu lambobi kafin maimaicin ya fara, kamar 0.16666, sai ka ninka sau biyu. Da goma, 1.6666. Da ɗari, 16.6666. Ɗebe, saura 15, ninki casa'in ke nan. 15 bisa 90, sudusi ya fito. Na matan nan uku, 0.0416666: da dubu ya zama 41.666, da dubu goma 416.666, bambancinsu 375, a kan 9000, wanda shi ne ɗaya bisa ashirin da huɗu. Amma a kula, wannan dabara tana aiki ne in an tabbata lambar maimaici take yi. In an turo maka 0.17 kawai, abin da ke hannunka 17 bisa 100 ne. Ba ka da hanyar sanin sudusi aka cika ko wani abu daban, sai ka kira ka tambaya.

Ɗalibai kan tsayar da ni a kan 0.9999 marar iyaka, don dabarar nan tana cewa tara bisa tara ne, wato ɗaya cif. Haka ne kuwa. Sulusi uku abu guda ne cikakke, 0.3333 sau uku kuma 0.9999 ne. Suna biyu ne na abu ɗaya. Ƙaramar kalkuletar shago, in ka raba ɗaya gida uku ka ninka da uku, takan ba ka 0.9999999, saboda ta riga ta yar da wutsiyar.

Malaman fara'ili tun asali ba su bi ta ɗigo ba, kuma a ganina hanyarsu har gobe ta fi dacewa da wannan aiki. Sukan nemi abin da suke kira asalin mas'ala, wato ƙaramar lambar da duk kasonnin za su rabu a cikinta. In sumuni da sudusi suka haɗu, 24 ce: mata 3, uwa 4, 'ya'ya 17. Kowa rabonsa lamba ce cikakkiya. Wani lokaci kasonnin sukan zarce asalin, abin da ake kira auli. Sanannen misali shi ne mas'alar da ake kira Mimbariyya, wadda ake dangantawa da Sayyidina Ali: mata, 'ya'ya mata biyu, uba da uwa. Mata 3, 'ya'ya 16, uba 4, uwa 4, jimla 27 maimakon 24. Sai a raba dukiyar gida 27, sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara, 0.1111, na uwa ya zama huɗu bisa ashirin da bakwai, 0.148148. A nan ko sumunin da muka ce yana ƙarewa ya daina ƙarewa. Wanda ya haddace 0.125 ya ɗora a kan kowane gado zai ba matar fiye da haƙƙinta.

Ba ina kushe lambar ɗigo ba ne, kuma ba baƙuwa ba ce a wurin Musulmi. Al-Uƙlidisi ya yi aiki da ita a littafin lissafin da ya rubuta a Dimashƙa wajen shekarar 952, Al-Kashi ya tsara ta sosai a Samarƙand a 1427, kafin Simon Stevin ya yaɗa ta a Turai da ɗan littafinsa na 1585. Wajen kwatanta farashi ko awo babu kamarta: ka ga 0.375 da 0.4, nan take ka san wanne ya fi, alhali uku bisa takwas da biyu bisa biyar sai ka tsaya ka yi tunani. Wajen raba haƙƙi ne bai kamata a fara da ita ba.

Ko an bi kaso daidai, wani lokaci ɗigo zai fito a ƙarshe, don kuɗin kansu ba su rabu ba. Dubu 900 gida bakwai 128,571 ne da ɗan guntu. A nan datsewa ba ta da illa, domin guntun naira ka datse, ba guntun kaso ba. Ninka 128,571 sau bakwai, za ka samu 899,997, saura naira uku. Wannan gwajin nake so kowa ya riƙa yi in takardar rabo ta iso daga gida: haɗa rabon kowa da kowa, ka ga ko ya koma jimlar da aka fara da ita. In giɓin naira biyu ne ko uku, guntun ƙarshe ne, magada su daidaita a kan wanda za a bar wa. In ya kai dubbai, wani ya datse lamba a tsakiyar hanya, sai a nemi wanda ya rubuta takardar ya sa kason kowa, ɗaya bisa kaza, a gefen adadin kuɗinsa.